Yadda Za Ki Bar Auren Duka Ba Tare Da Kin Rasa Jarinki Ba

'Yar'uwa, idan duka ya zama abincin kullum a gidan aurenki, ki fara da tsirar da ranki da na 'ya'yanki, ki nufi gidan waliyyinki, ko da za a ce miki, "Ki yi haƙuri, haka zaman aure yake." Tun kafin ranar fita, ki damƙa wa wata aminiya katin ɗan ƙasa, takardun makarantarki da na haihuwar yara, kada kuma ki bar layin wayar da aka haɗa da asusunki na banki.

Idan akwai rauni, ki je Babban Asibitin Katsina tun kumburin bai sace ba, likita ya duba ya rubuta abin da ya gani, ki adana katin.

A kotun Shari'a ne mata da yawa suke asarar da take ba ni takaici, domin gajiya takan sa su ce a raba auren ko ta halin ƙaƙa. Khul'i daban, rabuwa saboda cutarwa daban. A khul'i ke ce za ki fanshi kanki, galibi da mayar da sadaki, amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, idan aka tabbatar da cutarwa ta hanyar shaidu, alƙali yana da ikon raba auren ba tare da kin biya komai ba. Maƙwabciyar da ta sha jin kukanki ta katanga tana da amfani a nan. Haka kuma renon yara yana hannun uwa muddin ba ta sake aure ba, ciyarwa kuwa tana kan uba. Idan ba ki da kuɗin lauya, ki nemi ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Kayan ɗakinki mallakinki ne, ki kwashe su a gaban shaidu. Ko kujeru kaɗai kika sayar, sun isa ki fara awara daga cikin gida da mudu biyu na waken suya, man gyaɗa da yaji, ana saye da maraice idan yara sun taso daga Islamiyya. Kowane dare ki ware uwar kuɗi gefe guda, ki ci daga riba kawai, ki shiga adashin mako da matan da kika san gidajensu. Kwasar farko ki sayi wake da yawa lokacin kaka, kafin farashinsa ya tashi.