Yadda ake musun benci da masu bugu a besbol ba tare da an ƙure ka ba

Mu ƴan tsirarun da muke bin besbol a Kaduna, wasan da ake farawa ƙarfe 7 na yamma a New York nan wajenmu sha biyun dare ne, to wanda ya hana idonsa barci saboda wannan bai kamata washegari ya zo majalisa a Kawo ko Unguwar Rimi yana musu da ma'aunin ƙwallon ƙafa ba. Abin da na fi ji shi ne "wane kwana uku bai buga komai ba, a zaunar da shi", kuma wallahi maganar tana min ciwo.

Ka fara da sanin cewa kowace ƙungiya a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, wasa 162 take bugawa a kaka ɗaya, kusan kullum ana fili, mako guda ba komai ba ne. Gwanin mai bugu ma wanda ake jinjina wa, cikin goma sau uku yake samu, shi ne .300 ɗin da kake gani a allo, kuma tun Ted Williams da ya yi .406 a 1941 ba wanda ya sake kai .400 a lig biyu da ke MLB yau, American da National. Saboda haka kafin ka buɗe baki duba abin da mutum yayi a wata biyu ko uku, ba daren jiya ba.

Sai kuma lambar da zaka duba, nan ne mutane ke faɗawa rami. AVG, wato lambar samun bugu irin .300 ɗin nan, ita kaɗai bata isa ba don bata ƙirga lokacin da mai bugu yayi haƙuri har mai jifa ya ɓata jifa huɗu aka ba shi bes na farko kyauta (bes shi ne zangon da mai bugu ke gudu ya taka), kuma bata bambanta ɗan ƙaramin bugu da hom ron, wato bugun da mai shi ke zagaye duk bes ya ci maki. Ka nemi OBP, shi ke nuna sau nawa yake isa bes ta bugu ko ta kyauta, ka nemi SLG mai nuna ƙarfin bugun, in an haɗa su ne ake ce OPS. Ɗauki Kyle Schwarber na Phillies a 2023, AVG ɗinsa .197 ne, wanda ya tsaya nan zai ce a kore shi, alhali mutumin ya buga hom ron 47 kuma an ba shi bes kyauta sama da sau 120, wane koci ne zai ajiye wannan a benci don Allah?

Shi kuma benci lissafinsa daban ne. Ƴan wasa 26 ake ɗauka, masu jifa yawanci 13, tara suna cikin jerin bugu tunda tun 2022 kowace ƙungiya tana amfani da DH, wato mai bugu a madadin mai jifa, saura huɗu kenan, ɗaya dole mai cafe ne na ko-ta-kwana (mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe jifa), kaga uku suka rage maka. Kuma wanda aka cire baya dawowa a wasan. Don haka kar ka tambayi wa ya fi iya bugu, tambayi wane aiki zai yi. Kana buƙatar wanda zai iya tsaron guri uku ko huɗu, kana buƙatar bahago don yawanci mai bugun hagu ya fi jin daɗin mai jifa da dama, ka buɗe alƙalumansa ka ga yadda yake da kowane hannu, sannan mai gudu. Dave Roberts da ke kocin Dodgers yanzu, a 2004 daga benci Boston ta sako shi don gudu kawai, ya saci bes na biyu, wato ya ruga can ba tare da an buga ƙwallo ba, a gaban mai jifan Yankees Mariano Rivera, daga nan suka juya Yankees bayan Yankees ɗin sun ci su wasa uku na farko a jere.

In abokin musunka ya kawo sunan wani yaro da ke ƙona ƙaramin lig yace a hawo da shi, kar ka musa, ce masa malam wa za a sauke, kuma yaron zai samu bugu kullum ko zai zauna yana tsatsa? In bashi da amsa ya jira Satumba lokacin da ake ƙara gurbi zuwa 28.