Yadda na gyara rawar da 'yar tirelar gashin nama ke yi a hanya

Na sa mai walda ya ɗora min murhun gashi a kan 'yar tirela, don kai balangu wuraren biki. Na zaɓi irin mai akwatin wuta a gefe: itace na ci can, hayaƙi ya ratsa gangar naman ya fita ta bututu. Kaurin ƙarfen milimita 6, domin siririn ƙarfe ba ya riƙe zafi, balle iskar hunturun Sakkwato ta taso.

To, kauri kuwa nauyi ne. A hanyar Wamakko, ina ƙara gudu sai tirelar ta dinga karkaɗa gindi hagu da dama, murfin ganga na ta ƙara. Iskar taya lafiya lau. Ashe akwatin wutar ne ya zauna can bayan tayoyi, ya ɗage gaba. A ƙa'ida, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya kamata ya sauka kan maƙalar mota, wato inda wuyan tirela ke haɗuwa da motar da ke jan ta.

Muka kwance ƙarfen tayoyin, muka matsar da shi baya kaɗan, itace kuma na koma loda shi a gaba. Na ari sikelin masu awon hatsi, na ɗora wuyan tirelar a kai har lissafi ya fito. Yanzu bin mota take yi sak.