Halawar cire gashi: ki dafa abarki a gida

'Yar uwa, kafin ki kai kuɗinki gidan gyaran jiki, gwada haɗa halawa da kanki. Sukari kofi 2, ruwan lemon tsami rubu'in kofi, ruwa rubu'in kofi. Wuta kaɗan-kaɗan har ta yi launin zuma. Ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ta dunƙule to ta yi.

Tsamin lemon ne ke hana sukarin komawa gari, shi ya sa take danƙo ta kama gashi. Ni ta farko ƙonewa ta yi, garin danna waya.

Ki bari ta huce sosai kafin ta taɓa fuskarki.

Amma in kina shafa man bilicin ko retinol (wani sinadarin gyaran fata), ko kina da ƙuraje, ki haƙura, fatar za ta iya ɗayewa. Gashin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba kuma, ba ya kamuwa.