Yadda ake tatso sinadaran magani daga ganye ba tare da zafi ya kashe su ba

Kafin komai dai ka tabbatar ka san tsiron da ka tsinko, don wallahi tsiro biyu daban suna iya amsa suna ɗaya a bakin mutane. Ka kai wa masanin tsirrai ya ba ka sunansa na kimiyya, a ajiye busasshen samfur da lamba, kai kuma ka rubuta rana da inda ka tsinko.

Sai shanya, kuma a inuwa inda iska ke wucewa, ba a rana ba. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu saboda gaggawa, alhali zafi yana lalata wasu sinadaran tun ba a fara ba. Ka tuna Tu Youyou 'yar ƙasar Sin, an yi ta tafasa ganyen nan dangin tazargade sakamako yana zuwa yana ɓacewa, sai da ta koma tatsa da wani ruwan sinadari mai suna ita (ether) a ƙaramin zafi sannan aka kai ga atimisinin a 1972, maganin maleriya da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Ganyen bai canza ba fa, ruwan tatsar aka sauya aka kuma rage zafin.

In ya bushe har yana ƙaras-ƙaras a hannu sai ka niƙa, ka auna misali giram 100, ka jiƙa a lita ɗaya ta etanol (wato alkohol) mai kashi 70 cikin ɗari cikin kwalba mai duhu, ka rufe ruf, kana girgizawa lokaci-lokaci har awa 72. Metanol ma yana tatsa sosai amma guba ne, yana makantarwa, kar ka taɓa shi ba safar hannu da wurin da ke fitar da tururi. Ka tace da takardar tacewa, ka ƙafar da ruwan a injin rotari (na'urar da ke ƙafar da ruwa a ƙaramin zafi) a wajen digiri 40 na salshiyas, abin da zai rage wani kakkauran abu ne mai danƙo kore-baƙi, ka auna shi ka sa a firji.

Yanzu gwaji, don gane rukunonin sinadaran tsirrai da ke ciki, irin su safonin da tanin da alkaloyid. Ɗan narka kaɗan a ruwa ka girgiza da ƙarfi, in kumfa ta tsaya minti 10 ba ta kwanta ba, alamar safonin ce. Ɗiga ruwan gwaji na ferik kulorayid, in ya koma shuɗi-baƙi ko kore akwai tanin. Wani ruwan gwajin mai suna Dragendorff kuma yana ba da gudaji ruwan lemo in akwai alkaloyid. Amma fa waɗannan alamu ne kawai, ba su gaya maka wane sinadari ba ne takamaimai, sai ka ɗiga a farantin silika na TLC, wato gwajin da ke rarrabe sinadarai tabo-tabo, ka ga tabo nawa zai rabu.

In za ka gwada shi kan bakteriya, dole ka ware farantin rainon bakteriya ɗaya da ka sa ruwan narkarwar zalla, misali etanol, wani kuma da maganin da aka riga aka sani, don etanol shi kansa yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma ka maimaita aƙalla sau uku kafin ka rubuta komai.