Yadda za ka gane injin asali a tsohuwar Peugeot

A nan Damagaram, duk mai sayar da 404 ko 504 zai rantse maka injinta tun na Faransa ne. Kar ka biye wa rantsuwa, ka duba jikin ƙarfen.

Fara da wanke gangar injin da gazuwal, ka goge da buroshin ƙarfe. Rubutu iri biyu za ka nema. Akwai mai tudu, wanda aka zubo tare da ƙarfen, a cikinsa ake samun lokacin zubi. Akwai kuma lambar da aka buga a wuri mai sumul. Shafa mata alli, ka haska tocila daga gefe.

Ni mai tudun na fi yarda da shi, don wuyar sauyawa gare shi. Dole zubi ya riga haɗa motar, galibi da makonni ko 'yan watanni. An fara 404 a 1960, 504 kuwa a 1968. In kart giris, wato takardar rajistar motar, ta ce 1972, gangar ta nuna 1979, an sauya injin.

Lambar bugu kuma, in ka ga alamar zarto ko haruffa sun karkace, rage kuɗi ko ka haƙura.