Yadda Ake Gano Dalilin Cijewar Tsohuwar Mota Idan An Taka Totur

Direba ya taka totur domin ya wuce tirela ko ya hau tudu, sai injin ya cije kamar an shaƙe shi, wani lokaci har da tari da jijjiga, kafin ya farfaɗo ya ja. Wannan matsala ce mai haɗari, musamman a kan titi mai hannu ɗaya inda wata mota ke tahowa daga gaba, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda masu motoci ke zubar da kuɗi wajen sauya kaya ɗaya bayan ɗaya bisa zato, alhali ana iya gano tushen abin idan aka bi a hankali.

Injin fetur yana buƙatar iska kimanin kashi 14.7 ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Da zarar an taka totur, iska takan riga mai shiga, don haka idan mai bai biyo nan take ba, ko wutar filogi ta yi rauni a daidai lokacin da matsi ya ƙaru a cikin silinda, inji zai cije. Bincike duka yana komawa kan iska da mai da wuta.

Kafin ka kwance komai, ka lura da lokacin da abin ke faruwa. Idan ƙugin inji yana tashi amma gudu ba ya ƙaruwa, kulochi ne ke zamewa, ba laifin inji ba ne. Idan sai mota ta yi zafi take cijewa, a zargi kwayil, wato abin da ke ƙarfafa wutar da ke zuwa filogi, ko famfon mai, idan kuwa da sanyin safiya ne kawai, a dubi cok, wato abin da ke rage iska domin inji ya tashi da sanyi, ko na'urar auna zafin ruwa.

Ka fara da abu mai araha. Ciro matatar iska ka ɗaga ta zuwa rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ƙurar hunturu ta toshe ta. Matatar mai ma takan toshe, kuma wanda ya saba sayen fetur a jarka a bakin hanya ya kamata ya zuba kaɗan daga man tankinsa a farar kwalba ya bar shi ya natsu, domin ruwa ya fi fetur nauyi kuma zai kwanta a ƙasa. Daga nan sai filogi. Launin ƙasa-ƙasa a bakinsa alamar lafiya ce, baƙin toka yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuma yana nuna mai ya yi kaɗan. Wayoyin filogi da suka tsufa sukan zubar da wuta, kuma idan ka tayar da mota a cikin duhu za ka iya ganin tartsatsi yana tsalle a jikinsu. A motoci masu dilko, wato na'urar da ke rarraba wuta ga filogi, a duba murfinsa ko ya tsage, a daidaita tazarar bakin kwantak da ke cikinsa zuwa kusan milimita 0.4, sannan a tabbatar siririn tiyon da ke haɗa dilko da kafireta bai huje ba, tun da shi ne ke taimakawa wajen gaggauta wuta.

Motoci masu kafireta, irin su Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna a da, suna da ƙaramin famfo wanda aikinsa shi ne watsa ƙarin mai a daidai lokacin da aka taka totur, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Gwajinsa mai sauƙi ne: kashe inji, cire murfin matatar iska, leƙa maƙogwaron kafireta, sannan ka ja hannun totur da sauri. Ya kamata ka ga mai ya feso siriri da ƙarfi. Idan ɗigowa yake yi ko babu komai, to robar famfon ta bushe ko kafar ta toshe. Kada ka leƙa inji yana aiki, domin wuta na iya dawowa ta fuska. Wasu makanikai sukan ƙara silo kawai, wato ƙarfin juyin inji idan mota na tsaye, su sallami mai mota, wanda hakan ɓoye ciwo ne, ga kuma shan mai.

A motoci masu injekta, famfon mai galibi yana cikin tanki, kuma inda kowace silinda ke da nata injekta, matsin mai yakan kai kusan bar 3 a ma'aunin matsi. Da agogon awo ake tabbatar da wannan, ba da kunne ba, kuma idan allura ta faɗi lokacin da aka taka totur, famfo ya gaji ko matata ta toshe. Yawo da tanki kusan fayau yana rage wa famfon kwana, domin man ne ke sanyaya shi. A murza babban tiyon roba da ke tsakanin na'urar auna iska da bakin totur, saboda yakan tsage a cikin lanƙwasarsa ya shigar da iskar da kwamfutar mota ba ta ƙidaya ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗar OBD-II, wadda za a iya jona wa na'ura a karanta lambar matsala, har da ta na'urar da ke sanar da matsayin totur.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya amma mota na ƙara kasala gwargwadon yadda ake taka ta, sai a duba salansa, domin matatar hayaƙi da ta narke takan hana inji numfashi. Kowane abu ɗaya ka gyara, ka fita gwaji a kan tudu guda, a giya ta uku, kafin ka taɓa na gaba.