Yadda Za Ka Zaɓi Sifesa Idan Sabon Birki Ya Hana Rim Zama

Idan ka sauya wa motarka kalifa, wato ƙarfen birkin da ke matse faifan birki, ka sa babba mai fistin huɗu a madadin ta kamfani, abin da ya fi faruwa shi ne rim ya ƙi zama, ko ya zauna amma yana gogar kalifar. Nan take za a ce maka ka sa sifesa, wato faifan alminiyum ɗin nan da ake sakawa tsakanin hob (wurin da ake ɗaura rim a jikin mota) da rim don ya turo tayar waje. Kafin ka ba kowa kuɗinka, leƙa ka ga inda ake gugar. Idan fuskar kalifa ce ke taɓa bayan hannuwan rim, sifesa za ta yi magani. Idan kuwa saman kalifar ne ke taɓa cikin gangar rim, rim ɗin ne ya yi ƙanƙanta, sai dai ka tashi daga inci 16 zuwa 17 ko 18.

Sai awon kauri. Ni ba na yarda da kintace a nan. Ɗaga motar a jak, ka jera wosha masu kauri ɗaya a kan kowane bol na hob, ka mayar da rim, ka ɗaure noti da hannu, ka juya tayar a hankali. Ka riƙa ƙara wosha har sai ka sami tazarar akalla milimita 3 tsakanin kalifa da rim, domin ƙarfe na buɗewa in ya ɗauki zafi, rim ma yana ɗan lanƙwasa a kwana. Kaurin woshar da ka jera shi ne kaurin sifesar da za ka nema. Awo kawai ake yi da wosha, kada ka kuskura ka hau titi da su.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa. A tsakiyar hob akwai wani ɗan leɓe da ya fito, shi ke shiga ramin tsakiyar rim ya daidaita tayar cif. Sifesar kirki tana da rami daidai da wannan leɓen, sannan a ɗaya fuskar tana da nata leɓen da rim zai hau. Irin ta gama-gari, mai ramuka barkatai da ake cewa tana shiga kowace mota, ba ta da wannan. Rim sai ya rataya a kan bol kaɗai, kuma kaucewar da ba ta kai rabin milimita ba ta isa ta sa sitiyari rawa da zarar ka kai gudun kilomita 90 ko 100. Za ka yi ta kai wa mai balansin, shi kuwa ba laifinsa ba ne.

Don haka rubuta lambobi uku a takarda kafin ka shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko ka yi oda ta intanet: tsarin bol, faɗin ramin tsakiya, da zaren bol. Camry da yawancin Lexus ƙanana 5x114.3 ne (bol biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3), rami milimita 60.1, zare M12x1.5 (kaurin bol milimita 12, tazarar zare 1.5). Honda Accord ma 5x114.3 ce, amma raminta 64.1. Ka ga tarkon ke nan: sifesar Accord za ta shige bol ɗin Camry lafiya lau, mai shago ya ce ai ga shi ta shiga, alhali akwai sararin milimita 4 a tsakiya. Nissan 66.1 take, zarenta kuma 1.25. Marsandi 5x112 da 66.6, Golf kuma 57.1. Hilux mai bol shida 6x139.7 da 106.1. Duk da haka ka sa ma'aunin baniya, wato ɗan ma'aunin nan mai baki biyu da ke auna kauri da faɗin rami, ka auna hob ɗinka da kanka, don motar Beljiyam ba ka san hannu nawa ta bi ba. In rim ɗinka ba na kamfani ba ne, auna raminsa shi ma; da yawansu 73.1 ne, ka ga kana bukatar sifesa mai 60.1 a ciki da 73.1 a waje, ko ka haɗa da zoben cike gibi.

Kauri shi ke raba aikin gida uku. Milimita 3 zuwa 5, faifai ne kawai, leɓen hob na asali yakan leƙo ya kama rim. Daga 6 zuwa wajen 10 nan ne wahala: ta cinye leɓen hob, ita kuma ba ta da naman da za a fitar mata da nata. In awonka ya faɗa nan, gara ka haura zuwa 12 ko 15 mai leɓe, ka sauya bol zuwa dogaye. Daga 20 zuwa sama akwai mai nata bol ɗin, wadda ake ɗaurewa a hob sannan a ɗaura rim a kanta. Da ita sai ka juya rim ka duba bayansa ko akwai ramuka tsakanin mazaunin bol, domin tsofaffin bol za su iya leƙowa su tokare shi, ya ƙi kwanciya.

Maganar noti ba ta son wasa. Dole ya ci zare gwargwadon kaurin bol ɗin, wato milimita 12 a M12x1.5, juyi takwas ke nan cikakku. Ƙirga su da hannunka. In ka samu biyar, bol ya gajarta. Masu Marsandi da Golf, da yake da bol ake ɗaure rim ɗinsu ba noti ba, su dogon bol za su saya, tsawon na asali a ƙara kaurin sifesa, kuma mazaunin kansa ya zama irin na da.

Wajen saye, nemi alminiyum 6061-T6 ko 7075, bol kuma mai lamba 10.9. Kamfanonin H&R da Eibach sun yi suna a wannan, sai dai jabunsu ma na yawo, don haka ka je da baniyarka. Masu injin fiƙe ƙarfe za su iya yanka maka, kuma akwai gwanaye, amma ka tsaya a auna kaurin ta kowane gefe a gabanka.

Ranar ɗauri, kankare tsatsar fuskar hob da burushin waya har ta yi fes. Sa sifesa iri ɗaya hagu da dama. Ɗaure noti a tsallake, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri: Camry 103 Nm, Accord 108. Wannan hawa kan sifana da ƙafa da yaran masu faci ke yi, shi ke miƙar da bol. Sauke motar, karya sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare ka ga ko taya na cin fenda. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin, har da na cikin sifesar in mai bol ce. Ka sani kuma duk milimitar da ka ƙara nauyi ne a kan boris, shi ya sa mafi siranta da ta wadatar ita ce daidai.

Ka gwada safaya ma tun kana gida. Sau da yawa ba ta hawa kan sabuwar kalifa, in tayar gaba ta yi faci sai ka ciro ta baya ka kai gaba, safayar ta koma baya.